Bindiga da Ƙanƙara

Kafin annoba, ƙanena hayar kujeru da rumfuna yake bayarwa. Da aka hana taro, kujerun suka taru a tsakar gidanmu har kaji suka mai da su makwanci. Mutumin da a da sai ka yi sa'a ka gan shi a gida, sai ga shi ya zama ɗan zaman ɗaki. Amfani ɗaya muka gani a zaman: matarsa ta samu ciki. Ba ita kaɗai ba, rabin matan layinmu a lokacin suka ɗauka, tunda ɗakin allurar tazarar haihuwa an mai da shi ma'ajiyar takunkumi. Amma nata daban ne. Sau uku tana ɓari, wannan ne ya fara zama, muna lallaɓa shi kamar ƙwai.

Sai ya samu aiki a ƙofar asibitin haihuwa. Aka ba shi na'urar gwada zafin jiki, wadda ake saita wa mutum a goshi, nan take sunansa ya koma Mai Bindiga. In ta nuna kore ki wuce, in ta nuna ja sai motar cibiyar killacewa, inda ake cewa mace ita kaɗai take haihuwa, ba uwa ba miji. Ƙanena da ko kaza bai iya kora ba, sai ga shi yana tsare gida yana cewa, "Koma baya, baiwar Allah, doka ce."

Matarsa ta kasa ruwan leda mai sanyi a bayan katangar asibitin, ita ce kuma ta gano kasuwar. Ta lura masu ciki suna saye amma ba sa sha, a goshi suke dannawa kafin su shiga layi. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, sai ta koma daskarar da ruwan. Miji yana kora, mata tana sanyayawa, tukunyarmu ta dawo tana tafasa.

Na ce masa, "Kai wai ba ka ganin abin da ake yi a bayan katanga?"

"Yaya, ni goshi aka ce in duba," in ji shi, bakinsa cike da abincin da ƙanƙarar ta saya.

Kullum da safe sai ya saita mata bindigar a goshi don ya ga ko batir na nan. Ita kuwa tana tsaye gaban firji tana loda kaya a kula. Kore. Ya yi dariya ya fice. Ashe tun da cikin ya shiga wata bakwai zazzaɓi yake cin ta. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ji tsoron motar, ta kuma san mijinta da doka, ga magani a hannunta kyauta.

Ranar awonta ma haka ta wuce shi. A ciki nas ɗaya ce ga mata sun fi ƙarfinta, daga nesa ta tambaya, "An gwada ki a ƙofa?"

"An gwada."

"Wa ya gwada?"

"Maigidana."

"To, ai shi ke nan."

Wata safiya a bayan katanga ta yanke jiki ta faɗi kan kular. Ya bar layi ya rugo, kuma abin da har yau yake ba ni haushi, bindigar ya fara saita mata. Goshin a jiƙe yake, ta nuna kore. Ya tsaya yana kallon lambar kamar ita za ta tashe ta.

Wata tsohuwa da ta rako 'yarta ta daka masa tsawa, "Ajiye abin nan, ɗan nan! Ba ka da hannu ne?"

Ya sa bayan hannu a wuyanta, ya janye kamar ya taɓa murfin tukunya.

Da aka gwada jini, ba annobar ba ce. Zazzaɓin cizon sauro ne, wanda da an kama shi da wuri ƙwayoyi kaɗan sun isa. Ita ta rayu. Ɗan kuwa namiji ne, bai zo da rai ba. Nas ɗin tana hawaye tana faɗa, "Wa ya yi ta barin ta tana shigowa da wannan wutar a jiki?" Ƙanena ya dubi abin da ke hannunsa. Na so in zage shi, tausayi ya hana ni.

Annoba ta wuce, aka buɗe taro. Kujerunsa ba su taɓa samun kasuwa irin ta bana ba, don duk jariran zaman gida sun iso, kowane gida yana son taron murna. Shi yake kaiwa, shi yake jerawa, ya yi musu barka ya dawo.

Ya mayar wa masu asibiti da bindigarsu tuntuni. Amma kullum da safe kafin ya fita, sai ya tsaya ya sa bayan hannu a wuyan matarsa. Ita kuma ta tsaya cak har ya gama, sannan ta ce, "Lafiyata lau, Maigida." Kuma gaskiya take faɗa, yanzu da ba sauran abin da za a ceta.