Ranar da Teburin Takardun Fita Ya Cushe

Wata huɗu ke nan Manaja ya hana Injiniya share teburan bayanai na cikin kwamfutar tashar lodin kaya. Sharar takan ci awa guda duk mako, kuma cikin awar nan ba a iya buga wa direbobi takardar fita.

"Kwamfuta ce ko tsakar gida, da za a ce kullum sai shara?" in ji shi.

Injiniya ta yi masa bayani. Duk takardar da aka soke ko aka gyara, tsohon layinta yana nan kwance cikin teburi, fihirisar da kwamfuta ke bi ta nemo suna kuma tana ta wargajewa. Ya ɗaga mata hannu, ya ci gaba da waya.

Ranar Litinin tun asuba abin ya cushe. Takardar da ake bugawa cikin ƙiftawar ido ta koma cin minti ashirin. Manyan motoci suka yi layi har bakin titi, ƙanƙarar kifin da suka ɗauko tana narkewa tana bin ƙasa.

Wani direba da ake kira Birki ya kutsa gaban tagar Magatakarda, dattijon da ke miƙa takardu.

"Baba, tun asuba nake tsaye!"

"Yi haƙuri, ɗana, na'ura ce ta..."

Bai rufe baki ba Birki ya maka wa tagar ƙarfen kwance taya. Gilashi ya watsu a fuskar dattijon, ya dafe ido, jini yana tsartuwa ta tsakanin yatsunsa. Direbobi suka ɗuro ciki, suka kifar da kujeru, suka tattake mai gadi. Manaja ya shige banɗaki ya danna sakata.

Injiniya tana ɗakin baya. Ba ta jira izinin kowa ba, ta riga ta kunna sharar da sake gina fihirisa. Aiki ya kusa ƙarewa sa'ad da ƙofa ta ɓalle, Birki ya faɗo ciki.

"Au, ke ce nan cikin sanyi kina danne-danne, mu muna soyuwa a rana?"

"Malam, gyara nake. Ka ba ni minti biyar."

Ya ɗaga ƙarfen ya nufi babbar kwamfutar. In ta mutu yanzu, ba mai fita yau. Injiniya ta kifa jikinta a kai. Ƙarfen ya sauka a damtsenta, ta ji ƙas, ta ƙwalla ƙara, amma ba ta ɗaga ba.

"Minti biyar! Wallahi minti biyar!"

Wani tsohon direba ya shaƙo wuyan Birki ta baya. Sauran da suka ga mace a ƙasa, hannu yana reto, suka juya kan Birki da duka har haƙoransa biyu suka zube. Suna cikin haka injin buga takardu ya soma zubo takardun a jere, ba mai ɗauka.

A asibiti aka ce ƙashin hannun Injiniya ya karye biyu. Magatakarda ya rasa idon hagu. Birki ya tafi kurkuku.

Yayar Injiniya ta zauna bakin gado tana gyara mata ɗankwali, tana faɗa.

"Ke dai ba ki da hankali. A kan akwatin ƙarfe za ki ba da hannunki? Ba ki koma wurin nan, kin ji na gaya miki."

"To, Yaya," ta ce. Ba ta kuwa koma ba.