Makullin Motar Baya

A ƙungiyarmu ta masu hawan keke a Kozhikode, in aka ɗauko zancen Dineshan ba ya wurin, kowa da abin da yake faɗa. Alikoya mai shayi cewa yake mutum ne da zai auna ayaba kafin ya ci, ya kuma auna ɓawon. Lauya Thomachan ya ce kuɗin kekensa zai sayi ƙaramar mota, kuma shi Dineshan ɗin ne ya gaya masa, ba tare da an tambaye shi ba. Waɗanda ya taɓa cire wa haƙori suna cewa sai ya cusa maka auduga a baki sannan yake fara ba ka labarin dutsen da ya hau ranar Lahadi. Amma da ya sako kai shagon Alikoya, sai kowa ya gyara zama ya ce, "Kyaftin, sannu da zuwa."

Ni ban taɓa kiransa kyaftin ba. Ina dai ƙarshen benci da kofina, ina ji.

Da ruwan sama ya ɗauke a waccan shekara, Dineshan ya zo da shirin da ya daɗe yana yi mana barazana da shi, wato tafiya daga teku zuwa teku. Za a tsoma tayar baya a ruwan tekunmu na yamma, a ratsa ƙasar a kan keke kwana da kwanaki, a je a tsoma tayar gaba a tekun gabas a Nagapattinam. Kowace Lahadi bayan an dawo daga hawa, sai ya shimfiɗa taswira a teburin Alikoya, ya danne gefunanta da gwangwanin sukari, ya yi ta bayani: inda za a kwana a Palakkad, inda iska za ta turo mu ta baya, inda ba a samun ruwan kirki. Ni da sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga makarantar dare, har yau da yatsa nake bin taswira. Kafin yatsana ya isa Palakkad, ya naɗe ta.

Nauyi shi ne abokin gabarsa. Ya cire ƙararrawar kekensa, ya cire mazaunin gorar ruwa na biyu. Wata rana ya nuna mana burushin haƙorinsa da ya yanke wa mariƙi don ya rage nauyi, aka yi ta jinjina masa. Ba wanda ya tuna masa cewa burushin a mota zai tafi.

Motar kuwa ita ce komai. A duk doguwar tafiya akwai motar da ke bin masu keke a baya a hankali, ɗauke da ruwa, da ayaba, da jakunkuna, da tayoyin canji. Shekara da shekaru matarsa Ajitha ce ke jan ta. Malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, kuma duk muna kiranta Malama. In tayar wani ta sace, sai ya tsaya a gefen titi ya ɗaga hannu, Malama ta fito ta ɗaura masa wata, ta miƙa masa ayaba, ya wuce. A hotunan ƙungiya ba ta cika fitowa ba, don ita ke ɗauka. Da Dineshan yake lissafa kayan tafiya, cewa ya yi, "Ruwa, magani, mota da Ajitha, famfo," a numfashi ɗaya.

Ita ma tana hawa, kuma ba a ɓoye ba. Tana da keken ƙarfe mai kariyar ɗaukar kaya a baya, kullum kafin makaranta takan bi titin bakin teku zuwa Kappad ta dawo. Ni ma can nake bi saboda gwiwata, shi ya sa muka saba tafiya tare, ba mai cewa komai. Mijinta ya sani. Yakan kira abin motsa jikin masu ciwon suga.

Don ya tace waɗanda bai so su bi shi, Dineshan ya kafa doka. Duk mai son zuwa sai ya tashi daga Kozhikode da asuba, ya hau dutsen Thamarassery, ya isa Lakkidi da ke can samansa kafin sha biyun rana. Ba tura keke, ba kama bayan babbar mota. Yana gama faɗa Malama ta kira shi da sunan girmamawa irin namu, ta ce daga inda take zaune,

"Dineshetta, ka sa da ni cikin masu hawa."

Aka yi dariya irin wadda ake wa yaro in ya ce zai tuƙa jirgi. Dineshan ya tambaye ta, to wa zai ja motar? Ta ce wanda ya kasa hawa. Thomachan ya buga tebur ya ce Malama ta iya magana. Dineshan ya ɗaga kafaɗa ya ce doka ɗaya ce ga kowa, kada dai a zo ana yi masa kuka a kan dutse.

Sai a daren jajibirin gwajin suka gane ma'anar abin: ranar ba mota. Da asuba suka taru aljihunansu cike da ayaba da biskit, suna mita kamar an ɗora musu buhun siminti. Dineshan bai ɗauki komai ba sai gora ɗaya. Ya ce faci na waɗanda ba sa kallon titi ne.

Ni ba na cikin masu neman zuwa. Aikina a ƙungiya shi ne shara, wato in zo a ƙarshe in tabbata ba a bar kowa a hanya ba. Tun a gindin dutse masu kekunan tsada suka ɓace mana. Malama tana gabana kaɗan, ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa. Manyan motoci suna nishi suna wuce mu, suna watsa mana hayaƙi. Na duba rana, na duba yadda ƙafarta ke juyawa, na san za ta kai da sauran lokaci.

Mun sha kwana ta shida sai ga Dineshan zaune a kan katangar gefen titi, kekensa a kife, tayar baya ta kwanta. Birai biyu sun sa wa gorarsa ido. Daga baya na ji cewa duk 'yan ƙungiya sun wuce shi ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana cewa, "Yi haƙuri Kyaftin, mota na zuwa." Ba mugunta suka yi ba. Bakinsu ne ya saba, kuma kansu bai taɓa wahalar da kansa a kan zancen ba.

Ba na cika magana ba, amma na ce, "Malama, wuce. Nawa aikin ne."

Ta rage gudu. Dineshan bai roƙe ta ba. Hannu kawai ya miƙa, kamar yadda yake miƙawa a tagar mota. Ta ciro famfo da gwangwanin faci daga kariyarta ta ajiye masa a katanga, ta taka feda ta ci gaba. Na jingine nawa keken na durƙusa zan cire tayar, sai ya riƙe mini hannu, ya kira sunana.

"Kumaretta, bari. Za ka karce mini wili. Wannan ba keken kai madara ba ne."

Na tashi na koma gefe. Ya juya tayar hagu, ya juya ta dama, ya ja sarƙa ta ɓata masa yatsu, ya tsaya yana kallon yatsun. Mutumin da ke iya zare jijiya daga cikin haƙori bai san yadda ake fitar da tayar kekensa ba. Malama ta kai kwanar gaba, inda titi ke juyowa ta samanmu, ta leƙo. Na ga ta sa ƙafa a ƙasa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo da keken ta gangaro.

Tayar irin siririyar nan ce mai taurin tsiya. Ta sha fama kafin ta ɓalle ta, ta nemo hudar, ta kankare, ta shafa gam, ta jira ya sha iska. Duk wannan yana tsaye a kanta yana duba agogo yana cewa ta yi sauri. Tana gama ba tayar iska ya haye. Bai waiwayo ba.

Ya isa Lakkidi ana saura ƙiris sha biyu. Mu kuwa sai da rana ta ɗan karkata muka isa, don ƙafar da ta huce a tsakiyar hawa ba ta komawa yadda take. Suna zaune a rumfar mai shayi. Thomachan, wanda aka ba riƙon agogo, ya ce da ban tausayi, Malama ta yi ƙoƙari ƙwarai. Dukansu sun ga Dineshan da tayar da ta kwanta, dukansu suna ganin hannuwan Malama baƙi ƙirin har wuyan hannu. Wani ya tura mata soyayyiyar ayaba. Dineshan ya duƙufa a kan kofinsa kamar an rubuta masa wani abu a ciki. Na bi fuskokinsu ɗaya ɗaya, manyan mutane masu digiri da furfura, kowa yana lissafin wa zai miƙa masa ruwa a hanyar Karur, can tsakiyar doguwar tafiyar, in aka faɗi gaskiya.

Lahadin da ta biyo, Dineshan ya shimfiɗa taswira ya ce komai ya daidaita, mota tana hannun mai ita. Har ya tuna mata, cikin raha wai, cewa ita da bakinta ta ce wanda ya kasa hawa shi zai ja. Malama ta buɗe jaka ta ɗora makullin motar a tsakiyar taswira.

"Haka na ce. Ku duba a cikinku wanda ranar gwajin, in ba don an taimake shi ba, da a ƙafa zai sauko yana tura keke, ku ba shi."

Ta biya kuɗin shayinta ta fita. Ba wanda ya taɓa makullin. Da za a naɗe taswira, Alikoya ya ɗauke shi da yatsu biyu ya rataye a ƙusar da ke kusa da kalanda.

Makullin ya daɗe a ƙusar nan. Suka ɗauko direban haya suka gwada shi wata Lahadi. Ya ce shi bai iya tafiyar kunkuru ba, ya wuce gaba da ruwansu ya kwanta ƙarƙashin bishiya. Thomachan ya tuntuɓi matarsa, ta tambaye shi ko ya ga alamar taɓin hankali a tare da ita. Aka ce to a riƙa karɓa-karɓa, kowa ya ja motar yini ɗaya. Nan take aka gano cewa wanda ya zauna a mota ko na rabin yini ba zai iya cewa ya ratsa ƙasar a kan keke ba, kuma ba wanda zai sha wannan wahala ya dawo ba abin faɗa.

Dineshan ya saya wa Malama sabuwar hular kwano. Ta ce ta gode, ta ci gaba da sa tsohuwar. Ya aiki Alikoya wurinta, Alikoya ya ce shi shayi yake sayarwa. Daga ƙarshe ya tare ni a titin Kappad, a kan kekensa mai tsada, yana tafiya daidai da ni kamar abin yana masa ciwo. Ya yi ta zagaye-zagaye: in gaya mata an fahimci ɓacin ranta, in gaya mata baɗi za a duba, in nuna mata an riga an kama ɗakuna. Na bar shi ya gama. Na ce gida ɗaya suke kwana, ni kuwa a Beypore nake.

Lahadin ƙarshe kafin tafiya shagon ya cika, har da Malama, don ba ta fasa zuwa shan shayi ba. Ba a shimfiɗa taswira ba. Dineshan ya miƙe ya je ya zare makullin daga ƙusa. Ya ce gwiwarsa ta kwana biyu tana damunsa, don haka ya yanke shawarar shi zai ja motar, Ajitha kuma ta hau a gurbinsa. Shagon ya ɗauka da yabo. Thomachan ya ce wannan shi ne shugabanci. Wani har ya fara tafi.

Malama ta bari suka lafa.

"Ba zan hau a gurbin kowa ba," ta ce. "Doka ta ce na faɗi. Gwiwarka kuma lafiyarta lau, jiya na ga ka hau bene da gudu. In akwai abin da ya faru a kwana ta shida, mai dokar ya faɗa. In babu, mayar da makullin."

Alikoya ya miƙa hannu ya rage rediyo. Dineshan ya dubi Thomachan, Thomachan ya dubi silin. Ya dube ni, ban taimake shi da komai ba. Ya yi wata magana can cikin maƙoshi, wadda ko kofin da ke gabansa bai ji ba.

Malama ta ce, "Ban ji ba, Dineshetta. Kumaretta ma kunnensa ya yi nauyi."

Kunnena lafiya lau, amma na kara tafin hannu a bayan kunnen.

Ya tsaya riƙe da makullin, wuyansa ya yi jawur. Muryar da ta fito ba ta kyaftin ba ce.

"Tayata ta sace, ban iya gyarawa ba. Kin riga kin wuce, kika dawo kika gyara mini. Na tafi na bar ki, na kuma yi shiru a sama. Ke kika hau dutsen nan, Ajitha. Na yi miki laifi. Ki yafe mini."