Faifan da Aka Shanya

Gawar Walid ba ta zo Buza ba. Can Beljik aka rufe shi. Abin da ya iso gida wajen Madam Zalika, gwaggon da ta rene shi, akwati biyu ne: ɗaya tufafi, ɗaya baƙaƙen faya-fayen garmaho. Kiɗa yake haɗawa, wanda ake kira haus, irin wanda ake saurare a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Kafin ciwon ajali ya kwantar da shi, ya ce mata ta waya ya aje mata saƙo cikin faifan da ya rubuta sunanta.

Ranar da kayan suka iso tana wajen gaisuwa a Keita. Cima, matar ƙanenta, ta yi abin da ake yi wa kayan mamaci: ta wanke komi da sabulu, ta shanya bisa kwanon rufi cikin zafin bazara. Da Zalika ta dawo, faya-fayen sun nannaɗe kamar busasshen ganye.

"Ca nike alheri ni yi," in ji Cima tana kuka. "Haka munka tarad da ana yi."

Zalika ta shiga tattara faya-fayen. Shekara talatin tana koyarwa a lakkol, ta gaji da jin wannan amsa. Ta tsamo mai sunanta, wanda inuwar itacen bedi ta ɗan kare. Gefe ɗaya kawai ya yi tozo.

Ranar kasuwa ta shiga taksin Madawa, ta sami Bawa mai gyaran rediyo, tsohon ɗalibinta, wanda ke da garmaho ƙarƙashin tarkace. Ya ja ƙyauren shago don hayaniya, ya ɗora allura.

Sai ƙas-ƙas, kamar kara na cin wuta. Ganga ta shigo, mai nauyi, daga can ƙasa, bugu ɗaya ba sauyi.

"Madam, ya lalace. Wuri guda shika maimaitawa."

"Kai dai tun kana aji ba ka iya saurare ba. Rufe baki."

Ta ji abin da bai ji ba. Bayan gangar akwai shuu, irin na ruwan sama da ke tafe bisa gero bai iso ba tukuna. Wani amo mai kauri yana zuwa yana komawa, kowane zuwa ya ɗan matso kusa. Kiɗan ba ya gaggawa, ba ya neman burge kowa. Ta ga kwalbar da ke bisa tebur tana rawa a hankali. Shagon ya yi mata sanyi, alhali rana na tsaka.

Can wata murya ta buɗe baki, allura ta hau tozon, ta yi tsalle ta wuce. Suka sake. Ta sake tsallakewa.

"Sai in na aza mata nauyi," in ji Bawa. "Amma za ta kankare wurin. In kin ji shi yau, ba ki ƙara jin shi."

Zalika ta dubi faifan. Tana iya kai shi gida ta aje cikin adaka, saƙon na ciki har ta mutu ba ta sani ba.

"Aza."

Ya ɗaura ƙarfen kuɗi na dala biyar bisa kan allurar. Ta hau tozon da ƙyar, tana gurnani.

Muryar mace ce, zafin rana ya ja ta, ta yi kauri kamar daga cikin rijiya. Sai da ta faɗi sunan Walid, sannan Zalika ta gane tata ce, daga wani tsohon saƙon waya: "Walid, yaushe za ka taho gida?"

Ganga ta ɗauke. Aka ja numfashi, kusa, kamar a bayan kunnenta.

"Ga ni nan tahe, Gwaggo."

Allurar ta maƙale nan. Ga ni nan tahe. Ga ni nan tahe. Baƙin garin faifan yana taruwa a bakin allurar, siriri.

Bawa ya yi a'uziyya, ya miƙa hannu zai ɗaga. Ta riƙe masa wuyan hannu da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

"Bar shi ya iso."

Suka tsaya haka. Kowane zagaye muryar na ƙara dushewa, kalmomin suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage numfashin kaɗai. Shi bai dushe ba.