Jirgin Curtis Mai Kujera Biyu

Jirgin saman Curtis Haldorsen kujera biyu gare shi, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma tun kafin ya auri Loretta yake tashi da shi. A garinsu na bakin kogi, can cikin Alaska inda titin mota bai kai ba, ƙaramin jirgi ba abin kallo ba ne. Sai dai yanzu 'ya'yansu biyu, ga Loretta da tsohon ciki, kuma maƙwabcinsu Merle ya daɗe yana zawarcin jirgin.

"Mun kusa zama mu biyar," in ji Loretta. "Sauran ukun a fiffike za ka ɗaure su? Ka sayar wa Merle, mu sayi babban kwalekwale mai inji da zai kwashe mu gaba ɗaya."

"Merle? Mutumin da ko keke bai iya lallaɓawa ba?" Curtis ya yi dariya. "Ki shirya mu je kamun kifi tukuna. Kaina ya fi aiki a bakin ruwa."

Suka bar yaran wurin mahaifiyarta. Da hantsi Curtis ya sauke jirgin a kan wani tsibirin tsakuwa da suka saba zuwa tun suna saurayi da budurwa. Jan kifi ya cika kogin har bayansu na haskawa. Kafin rana ta take sun kama mai yawa. Loretta ta zauna kan akwati tana feɗewa, bindigar Curtis kuwa tana jingine da tayar jirgi, shi kuma ya nufi wajen duhuwar itatuwa ya samo icen da za su gasa kifi.

Ƙarar karyewar rassa ta fara ji. Tana ɗaga kai ta ga beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai farata, mace mai ruwan ƙasa, ta fito daga duhuwar a guje, 'yan jariranta biyu a baya. Curtis bai samu ko juyawa ba. Mari ɗaya ta kai masa ya tashi sama ya faɗi rubda ciki, ta bi shi ta danne, ta kama ƙeyarsa da haƙora tana girgiza shi kamar tsumma. Loretta ta ji ƙarar haƙori a kan ƙashi. Curtis ya dunƙule ya rufe wuyansa da hannuwa, dabbar ta saki kan ta koma cinyarsa, ta yage wando da naman tare.

Loretta ba ta san lokacin da ta isa wurin bindigar ba. Ta ɗaga, amma mijin da dabbar sun cuɗe, duk inda ta saita shi take gani. Sai ta ɗebi tsakuwa ta watsa, tana ihu da duk ƙarfinta. Beyar ta ɗago, bakinta jina-jina, ta dube ta, ta taho.

Ta bari har ta ji warinta sannan ta ja kunama. Bindigar ta doke ta a kafaɗa ta faɗi zaune. Harsashin ya shiga ƙirjin dabbar, ta kife, ta sake miƙewa tana jan ƙafar gaba. Daga zaunen Loretta ta sake ɗanawa ta harba, wannan karon a fuska. Dabbar ta zube kusa da takalminta, ƙafafunta suna shure tsakuwa har suka daina. Jariran suka tsere cikin duhuwa.

Fatar kan Curtis ta saɓule ta rufe masa ido ɗaya. Loretta ta mayar da ita wurinta da yatsu, ta naɗe da rigarta ta sama. Jinin cinyar ne ya fi tsorata ta, don ɓulɓula yake. Ta zare bel ɗinsa ta ɗaure saman raunin, ta taka da ƙafa ta ja har ya yi ƙara.

"Ta mutu?" ya tambaya.

"Ta mutu. Kai kuma ba za ka bi ta ba. Tashi."

Ta gwada rediyon jirgin, duwatsu sun tare, ba mai amsawa. Ta tsaya tana kallon kujerar gaba. Curtis ya sha koya mata tuƙi kafin haihuwarta ta fari, ta iya riƙe jirgi a sama, amma ba ta taɓa sauke shi ita kaɗai ba.

Da jan ciki ya kai bakin jirgin. Ta sa kafaɗa ta tura shi kujerar baya, yana zaginta, yana zagin beyar, yana zagin wanda ya ƙera ƙofar. Ita ma da ƙyar ta shiga gaba, sandar tuƙi tana tokarar cikinta.

"Ki ba shi wuta duka," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Kada ki ji tausayinsa. In kin ga ruwa ya matso, ki ja sandar a hankali."

Tayoyin sun shafi ruwa kafin jirgin ya ɗaga. Ta bi kogin, ba ta yarda ta kalli komai ba sai shi. Curtis yana ta faɗa mata abin yi, daga baya maganar ta koma surutai, sannan ta yanke. Ta kira sunansa, shiru. Jini ya gangaro ta ƙarƙashin kujera ya jiƙa mata dunduniya, yaron cikinta kuma yana ta harbi. Da ta fita daga tsakanin duwatsu rediyon ya kama, kuma Merle ne ya amsa.

"Loretta? Ke ce da jirgin? Ina Curtis?"

"Yana bayana, beyar ta yaga shi. Ka kira malamar asibiti, sannan ka faɗa mini yadda ake sauke wannan abin."

Merle ya yi ta mata magana a natse, amma ta zo da gudu fiye da kima. Jirgin ya bugi ƙasa ya yi tsalle, ya sake bugawa. Ta taka birki da ƙarfi, wutsiyar ta ɗaga, hancin ya kafe cikin taɓo a ƙarshen filin saukar jirgi na garinsu, farfela ta tarwatse. Goshinta ya daki ƙarfe, bakinta ya cika da jini. Tana rataye a jikin bel ɗin kujera ta ji mutane suna yanka tamfol ɗin gefen jirgin da wuƙa don su fito da Curtis.

A babban asibitin birnin Anchorage aka ɗinke shi. Idon ya tsira, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Likita ya ce zai iya sake tuƙi in ya yi haƙuri. Loretta ba ta sake tayar da zancen jirgi ba. Tana zaune kusa da gadonsa, goshinta da filasta, ya daɗe yana kallon cikinta, sannan ya ce ta miƙo masa waya.

"Merle, har yanzu kana so?"

"Jirgin da matarka ta shuka a taɓo? Ai sai dai ka biya ni in kwashe shi."

"Injin lafiyarsa ƙalau, tsohon banza. Ka sa farfela, ka liƙe inda kuka yanka. Abu ɗaya na roƙe ka, ka wanke kujerar baya kafin yarana su gani."

Merle ya ce ya riga ya wanke.

Loretta ta haifi mace kafin ƙanƙara ta rufe kogin. Sun sa mata suna Arlene. Curtis ya shafe wannan hunturun bai cika magana ba, yana ɗingisawa tsakanin murhu da taga, jaririyar a kafaɗarsa. Da ƙanƙara ta narke aka kawo kwalekwalen, ya ce injin ya cika ƙara kuma fentin bai yi masa ba, sannan ya shiga ya zauna a wurin tuƙi ya ce a miƙo masa yaran.