Ganyen Albasa Cikin Littafi

Halliru direba ne a Malanville. Bayan la'asar yakan karanta wa matarsa Marka wani littafin soyayya na Faransanci, yana juya mata shi da Hausa. Saura kaɗan su gama, jandarmomi suka tafi da shi. Ya bar ganyen albasa a inda ya tsaya.

Ƙanwarta Bilki, wadda ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta sha cewa, "Yaya, kawo in ƙarasa miki."

"Bari. Shi ya fara, shi za ya ƙare."

Shekaru suka wuce babu labarinsa. Ranar da liman ya ce ta shiga takaba, Marka ta cire busasshen ganyen, ta miƙa wa Bilki littafin.

"Karanta mini. Amma sannu-sannu, shi ba ya gaggawa."