Barmo da Jan Injin Zuƙar Toka

Barmo bai taɓa shiga lakwal ya yi karatun boko ba, kuma bai taɓa barin wanda ya shiga ya fi shi magana ba. Yunwa biyu ta same shi a tsaye, ta bar shi a tsaye. Ya yi dako a Sakkwato, ya yi gadi a Malbaza gidan wani Bature injiniya, babbar mota ta taɓa kifewa da shi kusa da Tsarnawa ya fito yana neman hularsa. To, a shekarar 1988, ga muƙamin da ya rage wa wannan gwarzo: shi ne mai kwashe toka a gidan burodin Alhaji Chindo, a Birnin Konni.

Ƙarƙashin tanderun akwai ramin wuta, dogo, ƙofarsa ba ta kai ƙugu ba. Kullum da hantsi, in an gama gashi ramin ya huce, Barmo zai durƙusa ya cusa kai da kafaɗa, ya riƙa jawo toka da hannu da guntuwar tsintsiya yana cika daro. A kusurwar hagu kuwa akwai garwashin da yake binnewa ƙarƙashin toka, kamar yadda ya ga uwarsa tana yi a Tajaye. Da shi ake tada wutar la'asar, nan kuma matan unguwa suke zuwa ɗibar wuta da kasko. Ashana ba ta da aiki a gidan nan.

Sai dai gwiwa ta fara gardama, ƙirji ya kama tari. Aikin da dā yake gamawa kafin shayi ya huce, yanzu yana kai shi azahar. Ran nan Alhaji Chindo ya tsaya a kansa yana kallon ƙafafu biyu da suka leƙo daga rami.

"Baba Barmo, jikin ga ya gaji. Ƙarshen wata ka huta, Maman ya karɓi ramin."

Maman shi ne ƙaton da ke faskara itace. Barmo ya fito da baya da baya, fari fat har gira. Hutu! Ya san irin hutun nan: zaman gindin bango, ana kawo maka tuwo ana duban wani wuri.

"Ni na gaji, Alhaji? Kayan aiki dai suka tsufa. Ka taɓa ganin Bature da tsintsiya? Inji gare su, mai zuƙe ƙura kamar raƙumi bakin rijiya. Shekara bakwai ina aiki da shi Malbaza."

Gaskiyar magana, shekara bakwai ya yi yana jin kukansa ta taga. Kuku ne ke riƙe shi, Barmo yana bakin ƙofa da kulki. Amma wa zai tambaya?

Alhaji mutum ne mai son sabon abu, shi ya fara jawo wutar lantarki a layin. Ya ce, "Tunda ka san shi, tafi wurin Na'Allah ka zaɓo. In ya yi, rami naka ne."

Na'Allah yana sayar da tsofaffin kayan Turawa bayan tasha: fanka, firji, kujeru masu juyawa. Ya fito da injuna uku ya jera. Ɗaya ƙarami ne kamar buta, Barmo bai ko dube shi ba. Na biyu gwangwanin ƙarfe ne, baƙi, ya lotsa gefe guda, kamar tukunyar da aka yi faɗa da ita. Na uku ja ne, na roba, yana sheƙi.

"Mi za a zuƙa da shi, Baba?"

"Toka."

"To ɗauki na ƙarfe. Cikinsa ƙarfe ne zalla, daga gareji ya fito. Jan ga jakar takarda ce ciki, na ɗakin madam ne."

Barmo ya yi dariyar manya. "Yaro, ana goyonka ina tuƙa irin wannan."

Ya sa ƙafa ya taɓa jan, tsautsayi ya kai yatsansa kan wani maɓalli. Wayar da ke shimfiɗe a ƙasa ta zabura, ta shige cikin injin da gudu, fit, kamar maciji ya ga rami. Barmo ya tsorata, amma fuskarsa ba ta motsa ba.

"Ka gani? Wanda ke naɗe igiyarsa da kansa, shi ne mai hankali. Shi nike so."

"Baba, toka fa ka ce. In akwai ɗumi a cikinta..."

"Tokata ce. Ni na haife ta."

Ya ɗauko shi a ka, ya bi ta tsakiyar kasuwa ko da yake hanyar ba ta nan take ba.

Washegari da hantsi gidan burodi ya cika. Masu kwaɓi sun bar kwaɓi, Maman ya jingina gatari, mata uku da suka zo da kasko sun tsaya bakin ƙofa. Barmo ya sa rigar Juma'a. Yau ba durƙuso. Ya tsaya a miƙe, ya cusa dogon hancin injin cikin rami, ya ce da Maman ya haɗa waya.

Injin ya yi ruri. Kuma, wallahi, ya yi aiki. Toka ta riƙa ɓacewa kamar ana kiranta da suna, ba ƙura, ba tari. Alhaji ya ce, "Ikon Allah!" Wata tsohuwa, Talatu, ta ce, "Yau Barmo ya zama injiniya." Barmo ya saki hannu ɗaya ya riƙe ƙugu. Ya zuƙe dama, ya zuƙe tsakiya, yana yi wa jama'a bayanin yadda Turawa ke kiran kowane sashe, da wani Faransanci da shi kaɗai ya san inda ya samo shi. Yana cikin bayanin ya kai hancin kusurwar hagu.

Shekara da shekaru bai taɓa tuna garwashin nan da ka ba. Hannunsa ne ke tunawa: in ya matso ya ji ɗumi, sai ya kauce da kansa. Yau kuwa hannun yana can nesa, riƙe da roba, ita kuma roba ba ta san ɗumi ba. Aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, abubuwa uku sun wuce ta cikin bututu.

Talatu ta leƙa ramin. "Barmo, ina wutarmu?"

Amsa ta fito ta bayan injin. Da fari wari, sannan hayaƙi, sannan tartsatsi kamar maƙera. Garwashi ya samu takarda, ya kuma samu mai hura masa iska da bai taɓa samun irinsa ba. Mata suka watse da salati. Maman ya fizge waya daga bango. Ga buhunan fulawa jibge taku biyu daga wurin.

A nan dai a ba Barmo haƙƙinsa: bai gudu ba. Ya rungumi injin kamar rago, ya nufi waje. Cikinsa ya danne maɓallin nan, waya ta zabura ta zo ta zabga masa a ƙwauri, ya yi ihun da aka ji har tasha, amma bai saki ba sai da ya dulmuya shi cikin duron ruwan kwaɓi. Ya ɗago. Rabin gemunsa ya tafi, rigar Juma'a ta zama rariya.

Wutar gidan ta mutu. Sai Maman ya tafi maƙwabta roƙon ashana, abin da ba a taɓa yi ba a gidan.

Alhaji Chindo ya daɗe yana duban duron, sannan ya dubi buhunan fulawa, ko ɗaya bai ƙone ba.

"Baba, shekara nawa ka ce ka yi da shi a Malbaza?"

"Bakwai." Barmo ya shafa gefen da babu gemu. "Ta taga."

Alhaji ya yi dariya har ya zauna kan buhu. Da ya samu numfashi ya ce, "Rami dai ya fita hannunka, Maman zai karɓa tun gobe. Amma mutumin da ya rungumi wuta saboda fulawata ba ya zaman gida. Ka zauna bakin ƙofa ka riƙa miƙa wa masu sayen burodi."

Barmo ya dubi ƙofar ramin. Abin ya soke shi fiye da ƙunar, don ya san kowane lungu na ramin nan kamar bakinsa. Ya haɗiye, ya gyara abin da ya rage na rigarsa.

"To, na yarda. Amma da kujera mai jingina, irin ta buro, ta manyan ofis."

"Benci ne akwai."

"A kawo shi," in ji Barmo. "In gwada shi in gani."