Askin Itatuwan Direba

Tela ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki, don ta ji ƙarar almakashin ta sauya. Shekara da shekaru tana jin wannan ƙarar ta tagar ɗakin ɗinkinta, ƙyas-ƙyas a hankali, har ta daina lura da ita. Yau kuwa sai ta ji ƙwas, irin ta ƙarfe ya ci busasshen itace. Ta zare tabarau ta leƙa.

Mijinta na kan tsani a jikin katangar lambu. Duk unguwa Direba ake ce masa, ko da yake ya daɗe da ajiye sitiyari. Tun da ya yi ritaya ba shi da magana sai ta itatuwan nan da ya jera a bakin katanga, dogaye, sirara, masu tsini kamar kyandir. Saifires ake kiransu, in ji wanda ya sayar masa da su suna 'yan tsirrai. Ba sa 'ya'ya, inuwarsu ko kaza ba ta isa ba, amma kai ka ce gadonsu ya yi. Tela ta sha tsokanarsa cewa da a ce ita yake wa rabin wannan hidimar, da yanzu ta koma budurwa.

Dokokin askin kuwa ta haddace su ba don ta so ba, saboda maimaici. Ba a yi da rana tsaka, sai da safe ko ranar da akwai gajimare. Ƙasan itace ya ɗan fi samansa faɗi, don rana ta sami kowane reshe. Ba a taɓa tsinin can sama. Babbar doka ita ce ta ƙarshe: koren ganyen nan a baki-baki yake, bai fi taƙi ɗaya ba, cikin duk busassun ƙirare ne. In almakashi ya wuce kore ya shiga ciki, wurin ba ya sake tsirowa har abada.

To, ga shi a jikin itacen tsakiya, wanda ya fi so, akwai rami ja-ja mai faɗin faranti. Direba kuwa yana ta 'yar waƙarsa, ya ma matsa gaba abinsa.

Ba itacen ya dame ta ba, ita ina ruwanta da itace. Tun bara likita ya ce yanar ido ce ta rufe wa Direba gani, aiki ne na ɗan lokaci, a yi a sallame shi a ranar. Ya ce sam. "Ido ba taya ba ne da za a kwance a yi masa faci," haka yake cewa duk sanda Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta kira ta tayar da maganar. Ya zuba shayi a gefen kofi, ya ce kofin ne ƙarami. Ya gaida mai kawo wasiƙa da sunan maƙwabci, ya ce ai kama suke yi. Tela ta yi ta rufa masa asiri, tana matso masa da abubuwa kusa da hannu ba tare da ta ce komai ba, domin ta san tsoro ne, kuma tana tausayinsa.

"Tela," ya kira daga kan tsani, "ya kika gani?"

Haka yake tambaya bayan kowane itace, ita kuma takan ce "Ya yi" ba tare da ta ɗaga kai ba. Kalmar tana bakinta. In ta faɗa, za a wuni lafiya, a ci abinci ana raha. Amma gobe zai sake hawa tsanin, ya hau har matakin ƙarshe, yana lalube a sama.

Ta fito tana gyara mayafi.

"Malam, sauko ka ji."

"In ji me? Saura biyu fa, rana na tahowa."

"Sauko dai. Ranar ba za ta cinye su ba."

Ya sauko yana mita, ƙafa na neman mataki kafin ta taka. Ta karɓi almakashin ta jingine, ta kama hannunsa na dama kamar za ta tsallakar da shi titi. Ya yi dariya.

"Yau kuma soyayya ce ta motsa? A gaban itatuwa?"

Ta ja shi zuwa itacen tsakiya, ta ɗaga hannun ta bi da shi a kan ganye mai laushi, har ya faɗa cikin ramin. Ƙirare suka soke shi a yatsu.

Dariyar ta tsaya. Ya zare hannunsa daga nata, ya mayar da kansa, ya zagaya bakin ramin da yatsa a hankali, ya auna faɗinsa da tafi. Ya kai fuskarsa kusa har ganye na taɓa masa hanci. Tela ta kau da kai ta kalli katanga, don ba ta son ganin fuskarsa a wannan lokacin.

"Ni na yi wannan?"

"Kai ka yi."

"Yanzu?"

"Yanzu-yanzu. Ƙarar na ji."

Ya koma ya zauna a matakin ƙasa na tsanin, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ta ɗauka zai ce almakashin ne ya dakushe, ko iska ce ta kaɗa reshen. Har ta shirya amsa. Bai ce ko ɗaya ba.

"Na rantse kore na gani," ya ce. "Duk kore nake gani."

Ta zauna a kan wani bokiti da ke kife, ta bar shi ya huce. Ƙamshin ganyen da aka yanka ya cika lambun, wani tsuntsu na ta tsalle a cikin tarin. Can sai ya nisa.

"Sauran biyun fa? Sun yi buzu-buzu. Ba za a bar layi rabi da aski rabi babu ba, mutane na wucewa."

"Ba ni almakashin."

"Ke?"

"Malam, tun kafin ka san hanyar gidanmu nake riƙe almakashi. In ka rage yadi ba ya dawowa, ai ni ma na san wannan."

"Yadi daban, itace daban."

"To riƙe min tsani ka yi ta wa'azi."

Haka kuwa aka yi. Ya ɗaure ƙusa a bakin igiya, ya sa ta rataye a reshen sama don ta ga miƙewar gefe. Ta ɗaure zani tamau ta hau. Almakashin ya fi nata nauyi nesa ba kusa ba, kafaɗunta suka fara ƙorafi tun ba a je ko'ina ba, amma hannu ya san aikinsa. Shi kuma ya rungume tsanin da hannu biyu, bakinsa bai huta ba.

"Baki-baki kawai. Daga ƙasa ki yi sama."

"Na ji."

"Kwantar da almakashin a jikinsa, kar ki soka."

"Na ji, Malam."

"Wannan ƙarar ta yi nauyi."

"Igiyarka ce na taɓa. Da haka ka riƙa yi wa fasinja surutu, da babu mai sake shiga motarka."

Ya yi 'yar dariya, ta farko tun ɗazu. Ganye na zubo masa a hula, bai ko kakkaɓe ba. Ita ma, abin mamaki, sai ta ji aikin na yi mata daɗi. Daga saman tsani tana hango rufin maƙwabta da shanyarsu, iska na kaɗa ta, itacen na fitowa sumul a ƙarƙashin hannunta. Ta gama na farko, suka ja tsanin tare zuwa na biyu. Kafin rana ta yi zafi sun kammala.

Ya bi kowanne da tafin hannu daga iya tsayinsa zuwa ƙasa, yana neman abin kushewa.

"Ba laifi," ya ce.

"Ba laifi kawai?"

"A aikin ɗan koyo dai, ba laifi."

Suka tattara ganyen a buhu. Ya goge almakashin da mai, ya rataye a ƙusarsa. Ita kuwa ta tsaya gaban itacen tsakiya tana nazarin ramin, kamar yadda take nazarin rigar da ta ƙone a guga. Rassan gefe suna da tsawo, kuma suna lanƙwasuwa.

"Ka san wani abu? In na jawo wannan reshen da wancan na haɗa su da ɗan ƙyalle kore, za su rufe shi. Ko mai wucewa ba zai gane ba."

"Zai yi," ya ce. "Haka ake yi."

Ta juya za ta shiga ɗauko ƙyallen, sai ya riƙe mata gefen mayafi.

"Kira min Auta tukuna. Ki ce ta tambayi likitan nan wace rana yake da sarari."

Tela ta san in ta nuna murna zai iya fasawa. Daɗi ya cika ta, amma sai ta ce, "To," kamar an aike ta sayen zare.

"Ƙyallen fa?" ta tambaya.

"Bar ramin a buɗe," ya ce, yana fuskantar itacen. "Ina so in ga ɓarnata da idona."